Salansar da Na Haɗa Saboda Inna

Motar da na gada daga mahaifina ta girmi aurena, ta girmi aikina, kuma in aka tsananta bincike ina jin ta girme ni. A takarda fara ce, a ido kuwa launinta ya fi kusa da na kunun tsamiya. Tun ranar da salansarta ta faɗi a wani rami a hanyar Akwanga, mutanen unguwarmu ta Yara suka daina buƙatar agogo. Da na murɗa makulli da safe sai kajin maƙwabta su watse, jarirai su farka da kuka. Salansa dai ita ce 'yar tukunyar nan da ke ƙarƙashin mota, wadda hayaƙi ke ratsawa kafin ya fita, ita ce ke haɗiye ƙarar inji. Na zaga masu kayan gyara na Keffi kaf, na je har Mararraba, duk wanda na faɗa wa irin motar sai ya yi dariya ya ce ai an daina haihuwar irinta. Da na gaji sai na saba da ƙarar, na bar maƙwabta su ma su saba.

Akwai kuma wani rami a ƙasan motar, daidai inda mai zama a baya ke ajiye ƙafa, faɗinsa kamar tafin hannu. Tsatsa ce ta ci wurin. Na shimfiɗa guntun tsohon kafet a kai, amma 'ya'yana biyu sun san da shi, ta nan suke zubar da ɓawon gyaɗa in muna tafiya.

Surukata, mahaifiyar matata, a Panda take zaune. Bafulatana ce siririya, mai ƙarancin magana, Inna muke ce mata. A lokacin shekarata tara ina auren 'yarta, amma ban taɓa jin ta ce mini "kai" ko "ka" ba, balle ta kama sunana. In na je gaishe ta sai ta juya gefe, ta ja mayafi, ta ce, "An zo lafiya? An sha hanya. A shiga daga ciki, a sha ruwa." Kai ka ce da wani take magana wanda ke tsaye a bayana. Ni ma haka nake mayar mata, ina durƙushe ina kallon ƙasa: "An same ku lafiya? Ya ƙarfin jiki?" Duk abin da take so in sani, 'yarta take faɗa wa, ni ma ta nan nawa saƙon ke bi.

In ta shiga motata baya take zama, matata a gaba. Abu na farko da hannuna ke yi kafin in tayar da inji shi ne in kama madubin tsakiya in karkatar da shi sama ya kalli rufi, don kada idona ya faɗa cikin nata. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini wannan. Haka na ga mahaifina yana yi in ya ɗauko kakata ta wajen uwa, a wannan motar, da wannan madubin. Kuma ba zan ɓoye ba, ina alfahari da abin. Ina ganin kaina cikin sauran 'yan ƙalilan da suka san mutunci.

Abin da ya sa na daina yi wa maganar salansa riƙon wasa ya faru ne wata ranar kasuwar Panda. A lokacin hankalin kowa a tashe yake saboda labarin masu ɗauke mutane a hanyoyin daji. Ina shigowa gari na saki totur don in rage gudu, sai motar ta yi wani irin harbi, tas, tas, har sau uku. Kasuwa ta watse. Mata suka zubar da tire, masu babur suka yar da baburansu suka ranta a na kare. Kafin in gama fahimtar abin da ke faruwa, 'yan banga uku sun kewaye ni, ɗaya ya zura bakin bindigarsa ta taga har yana taɓa kunnena. Ina jin sanyin ƙarfen har yau. Salati kawai nake yi. Allah ya taimake ni wani dattijo ya gane motar, ya ce ai surukin gidan wance ne, malamin makaranta.

Ashe Inna tana cikin waɗanda suka gudu. Tana da hawan jini, ga shekaru, ta faɗi ta gurje gwiwa, takalminta ɗaya ya ɓata. Da na je gidan ta karɓe ni kamar kullum, "An zo lafiya, an sha hanya," ko alamar komai babu. Sai bayan kwana biyu matata ta sauke waya ta dube ni ta ce, "Inna ta ce a gaishe ka. Ta ce motar gidanmu tana da murya, masha Allah."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. A ranar na yi rantsuwa a raina cewa Inna ba za ta sake jin muryar motar nan ba.

Ni malamin fasaha ne a wata sakandare, irin waɗanda ke zana inji a allo da alli, ɗalibai su kwafa, a ba su maki, ba wanda ya taɓa riƙe sifana. Na san yadda cikin salansa yake, domin na zana shi ya fi a ƙirga. Hayaƙi ya shigo ta bututu mai huji-huji, ya bazu a cikin tukunya, ya ci karo da bango ɗaya ko biyu, ya rage fushi, sannan ya fita ta wani bututun. Na ce in dai wannan ne, me zai hana in haɗa da kaina? Wurin masu jari-bola na samo tsohuwar jar tukunyar kashe gobara, mai kauri, tsawonta kamar damtsena da hannuna. Na haɗa da guntayen bututun ruwa na ƙarfe da suka rage daga wani gini, da murfin tsohuwar tukunyar girki, da soson ƙarfe na wanke-wanke cike da leda, wanda matata ta yi ta cigiyarsa daga baya.

Wata Asabar na kwashe su na kai wa mai walda na bakin titinmu. Dattijo ne mutumin kudu, ya fi shekara talatin a Keffi, ƙofofi da tagogi yake yi, kowa Oga yake ce masa. Hausarsa ta nuna, sai dai abu guda: shi kowa "ka" ne a wurinsa, namiji da mace, yaro da babba. Ya juya tukunyar nan a hannu ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam ticha, ka tabbata babu komai a ciki?"

Na ce ai ta shekara goma a bola.

"To matsa hannun tukunyar mu gani. Can nesa da ni."

Na matsa hannun ina dariya. Wani farin gari ya yi tsartuwa da ƙara, ya rufe ni tun daga hula har takalmi. Na yar da tukunyar na yi tsalle baya. Oga bai yi dariya ba. Ya ce da ya sa mata wuta a haka, da sai dai a tsinto haƙoranmu a tsallaken titi. Ya kamata wannan ya koya mini in saurari mutumin nan. Bai koya mini ba.

Muka wuni muna aiki. Ya yanke gindin tukunyar da kanta. Ni na zauna a ƙasa da ƙusa mai kauri da guduma da na'urar huda, na yi ta huda bututu layi-layi har tafin hannuna ya yi bororo. Muka yanko faifai biyu daga murfin tukunyar girkin, muka huda su, ya liƙe su a ciki suka raba tukunyar ɗaki uku. Na cusa soson ƙarfe a ɗakin ƙarshe, na danna da sanda. Ya rufe, ya bi da wuta, muka shiga ƙarƙashin mota muka haɗa ta da bututun da ya taho daga inji, muka rataye ta da waya mai kauri da zaren tsohuwar taya. Da na tayar da mota sai na ɗauka ba ta tashi ba, na sake murɗa makulli har ta yi kuka. Ashe tana aiki. Wani ɗan gurnani kawai take yi, kamar kyanwa a kan cinya. Na fito ina zagaya ta baki har kunne.

Oga kuwa yana kwance a ƙasa yana leƙe. Ya fito yana goge hannu ya ce, "Aiki bai ƙare ba. Wutsiya ya yi gajere."

Bututun fitar hayaƙin yake nufi. Abin da ya rage mana bai kai bayan mota ba, ya tsaya a ƙarƙashin kujerar baya, saura kamar kamu biyu ya leƙo ta bamba. Na ce masa hayaƙi ai iska ne, zai nemi hanyarsa, mota tana gudu iska na kwashe shi.

"A allo ne yake neman hanya," in ji shi. "A mota, inda ya ga rami nan yake shiga. Ka dawo Talata, zan samo dogon faif. Kafin nan kar ka rufe gilas. Ka ji ni? Kar ka rufe."

Na ce na ji. Kuma wallahi na ji.

Washegari Lahadi da hantsi naƙuda ta kama matata, mako biyu kafin lokacin da aka ɗiba mata. Kafin la'asar ta sauka lafiya, mace, aka sallame mu. Yayata ta zo ta kwana da ita, amma wankan jego da kunun kanwa aikin Inna ne, ita ta yi na biyun farko, kuma tuni ta ɗaure kayanta tana jira. Litinin da safe na kama hanyar Panda. Na tuna da maganar Oga, ba zan yi ƙarya in ce na manta ba. Na ce a raina tafiya ɗaya ce, gobe ma Talata. Wannan ne karo na farko da zan ɗauko Inna ni kaɗai, babu 'yarta a tsakaninmu.

Na shiga Panda ko akuya ba ta ɗaga kai ba. Na tsaya a ƙofar gida, na yi sallama, Inna ta fito. Bayan an gama barka da gaisuwa, ta dubi wata maƙwabciyarta da ke taya ta fito da kaya ta ce, "Yau ba a ji zuwan baƙi ba." Ni ake wa magana. Na sunkuyar da kai, daɗi kamar ya kashe ni. Muka loda buhun gero da kanwa da ƙwaryar man shanu da ƙullin yaji a but ɗin mota. Ta shiga baya ta zauna a gefen da ramin nan yake. Na shiga, na kai hannu na ɗaga madubi ya kalli rufi, muka tashi bayan azahar.

Damina ce, tun safe hadari ke haɗuwa ta gabas. Ba mu yi nisa ba ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Na ji Inna tana murɗa gilas ɗinta, sannan ta miƙa ta murɗa na ɗaya gefen. Na miƙa hannu na rufe na gaba. Nawa na wajen direba ne kawai ba ya rufewa duka, ya shekara yana tsayawa saura yatsa huɗu. Ruwa ya yi ta feso mini a kafaɗa, ina tsine wa gilas ɗin a zuci. Maganar Oga ta gifta mini. Amma ta yaya zan ce wa surukata ta buɗe taga ruwa ya jiƙa ta? Na ce bari ruwan ya ɗan tsagaita.

A karo na farko tun da nake ɗaukar ta, na ji ƙarar carbinta. Ashe duk shekarun nan tana ja, ƙarar mota ce ke hana ni ji. Ƙas, ƙas, ƙas, a hankali, a tsakanin bugun ruwa a rufi. Na ce ka ga aikin ilimi.

Kafin mu kai Gitata ta yi tari. Can kuma ta sake yi. Na rage murya na ce, "An yi magana?"

Ta ce, "A'a. A ci gaba."

Na ci gaba. Kaina ya fara sarawa ta gefe, na ce rashin barcin jiya ne. Carbin ya riƙa jinkiri, ƙas, sai a daɗe, sannan ƙas. Da muka wuce Gitata na lura ya daina gaba ɗaya. Kun san abin da na ce a raina? Na ce Allah sarki, tsohuwa ta samu barci. Shekara da shekaru motar nan ba ta bar kowa ya runtsa ba, yau ga Inna tana barci a cikinta saboda aikin hannuna. Har na rage gudu, ina kauce wa ramuka a hankali don kada in tashe ta. Ina tsara yadda zan ba matata labari.

Wani rami da ruwa ya rufe ne ban gani ba. Motar ta faɗa ta fito, sai na ji ƙum a baya, ƙarar kai ya bugi gilas. Na jira in ji "subhanallahi", ko motsin gyara zama. Ban ji komai ba. Na ce, "A yi haƙuri, ramin ne ban gani ba." Shiru. Na ɗaga murya kaɗan, "An ji ciwo?" Shiru.

Hannuna ya tafi wajen madubi, ya tsaya a kansa. Wannan ne wurin da na fi jin kunyar faɗa a duk labarin. Ban sauke shi nan take ba. Na ci gaba da tuƙi hannuna a kan madubi, ina gardama da kaina. In barci take yi mayafinta ya zame fa? In na sauke muka haɗa ido fa, me zan ce? Na wuce wata gada, na wuce gonar masara mai tsawo, duk ina wannan shawara. Allah kaɗai ya san ko minti nawa na ƙara mata a cikin hayaƙin nan saboda kada a ce ba ni da kunya.

Da na sauke madubin ban ga fuskarta ba. Kafaɗarta na gani, ta zube gefe, kanta ya maƙale tsakanin kujera da ƙofa.

Ban san yadda na tsayar da motar ba. Na dai san na taka burki ta ja ta tsaya a bakin wata rumfa inda mata ke gasa masara. Na fito na dafa mota, ƙasa tana juyawa. Na fizgi ƙofar baya, wani ɗumi mai warin hayaƙi ya bugi fuskata, Inna ta sulalo ta faɗo a hannuna. Ta yi amai a mayafinta. Idonta a rufe, bakinta a ɗan buɗe, jikinta ya saki kamar tsumma. Kafet ɗin nan ya zame gefe, ina ganin ramin, gefensa ya yi baƙi ƙirin.

Na ɗauke ta cak, ba ta fi nauyin ɗiyata ta fari da yawa ba. Na kwantar da ita a kan bencin masu masara ina jijjiga ta.

"Inna! Ke Inna! Ki tashi! Don Allah ki buɗe ido!"

Tun da nake ban taɓa ce mata "ki" ba, ban taɓa taɓa ko gefen zanenta ba. Ga shi ina marin kumatunta ina ihu a fuskarta. Wata mata mai jiki daga cikin masu masarar ta ture ni, ta kwance mata ɗankwali, ta kara kunne a hancinta.

"Tana numfashi," in ji ta. "Amma kaɗan-kaɗan. Mamanka ce?"

"Surukata ce."

"Me ya same ta?"

"Ni ne," na ce. "Hayaƙin mota ne. Ni na yi."

Na fita tsakiyar titi cikin ruwa ina ɗaga hannu biyu. Motoci uku suka zo, duk suka kauce mini suka ƙara wuta. Ban ga laifinsu ba, a wannan hanyar a wannan lokacin ko ni ba zan tsaya wa mutumin da ya tare titi yana ihu ba. Wayata tana ta ruri a aljihu, na duba na ga matata ce. Na kasa ɗauka. Me zan ce wa mace mai jego na kwana ɗaya? In ce na kashe miki uwa don kada ta ji ƙara?

Matar nan ce ta yanke shawara. Ta ce, "Malam, tsayuwa ba ta kai mu asibiti. Sauke gilasan nan duka." Na sauke su huɗu. Muka kwantar da kujerar gaba muka sa Inna a kai, fuskarta wajen taga, inda 'yarta ke zama. Matar ta bar masararta a kan wuta, ta shiga baya ta durƙusa a kan kujera, ta tallafe kan Inna da hannu biyu, ita ma ta fitar da nata hancin waje. Na taka mota iya ƙarfinta.

Ruwa yana shigowa ta ko'ina. Ina tuƙi ina kallon ƙirjin Inna, in ya ɗaga in yi numfashi, in ya daɗe bai ɗaga ba in ji kamar nawa ne ya tsaya. Ba addu'ar da ban fara ba, ba wadda na iya kaiwa ƙarshe. Ban ƙara kauce wa rami ko ɗaya ba. Muna dab da shiga Keffi muka daki wani tudun rage gudu, na ji ƙarfe ya ja ƙasa, ya yi ƙara, ya fita ta baya. Salansar ce ta tsinke ta faɗi. Nan take motar ta dawo da tsohuwar muryarta, har da harbin. Masu babur da masu Keke suka riƙa darewa tun daga nesa, hanya ta buɗe mana har ƙofar asibiti. Ban taɓa son ƙarar nan ba sai ranar.

Aka karɓe ta da gudu, aka rufe mata hanci da baki da robar iska. Likitar wata matashiya ce mai tabarau. Ta ce hayaƙin inji yana da wata guba da ke shiga jini ta hana shi ɗaukar iska, mutum ya yi ta jin barci har ya wuce. Ta ce abin da take so ta sani shi ne tsawon lokacin da Inna ta yi a sume.

Na ce ban sani ba.

"Ba kai ke tuƙi ba? Ku nawa ne a motar?"

"Mu biyu."

"To ba ka ganin ta a madubi?"

Ta dube ni, ta juya ta koma ciki. Ni ma aka zaunar da ni aka sa mini robar na ɗan lokaci, aka ce gilas ɗin da ba ya rufewa ne ya cece ni. Matar masara ta zauna har ta ga an kwantar da Inna, sannan ta ce masararta na can ta zama gawayi, ta tafi. Ko sunanta ban tambaya ba.

Na kira yayata na faɗa mata gaskiya, na ce ta san yadda za ta gaya wa mai jego. Sannan na zauna a bakin gadon da rigata a jiƙe, ina ƙirga numfashin Inna. Rana ta yi ja, ana shirin kiran magariba, sai na ga yatsunta suna motsi a kan zanen gado, babban yatsa yana murza na kusa da shi. Carbi take nema. Ta buɗe ido, ta dubi rufi, ta juyo ta gan ni. Hannunta ya tafi neman mayafi, babu. Na miƙe da sauri na fita waje, na jingina da bango na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifina.

Kwananta biyu aka sallame ta. Ta iso gida ta karɓi jaririya, washegari ta hau aikin ruwan zafi kamar ba abin da ya faru. Ni kuwa na zama kamar ɓarawo a gidana, ina raɓe-raɓe. Ba ta ce mini komai ba sai "An tashi lafiya?"

Ana gobe suna ina sauke itace a bayan ɗakin mai jego, taga a buɗe, sai na ji muryar matata tana faɗa ƙasa-ƙasa.

"Inna, ke ma da laifinki. Kin ji jikinki ba daidai ba, me ya hana ki magana?"

"Na ji tun kafin Gitata," in ji Inna. "Kaina kamar ana daka a ciki, zuciyata tana tashi. Sau biyu na buɗe baki, sai in mayar da shi tari."

"To don me?"

"Me zan ce? Bawan Allah ya ɓata lokacinsa ya yi abin nan saboda maganar da na yi. Ina kallon ƙeyarsa na san murna yake. Sai in ce masa ya tsaya zan yi amai? A gabansa?"

"Ai da kin mutu, Inna!"

Sai Inna ta ce, a hankali, "Na yi ta kallon madubin nan. Na ce ko za a duba."

Itacen da ke hannuna na ajiye shi a ƙasa a hankali don kada su ji. Na daɗe a tsugune a wurin.

Oga bai ce mini "na faɗa maka" ba, kuma wannan ya fi zafi. Wani mai babur ya tsinto jar tukunyar a bakin hanya ya kawo masa, don duk garin an san aikin waye. Ya buɗe ta, ya zubar da soson ƙarfen da ya ƙone ya dunƙule, ya sake liƙe ta, ya sa mata dogon bututu har ya leƙo bayan bamba da kusan taƙi guda. Ya yanko ƙarfe ya toshe ramin ƙasan motar, ya bi duk gindinta yana ƙwanƙwasawa da guduma. Da ya gama ya sa ni na tayar da ita, ya shiga baya da kansa ya rufe gilas ya zauna ya fi rabin awa yana karanta tsohuwar jarida. Sannan ya fito ya ce, "Yanzu ka iya ɗaukar mutum."

Da aka yi arba'in Inna ta ɗaure kayanta. Matata ta ce a sa ta a motar haya, ni ma na goyi baya, don ban ga da wane ido zan ce ta sake shiga tawa ba. Inna ta ce wa 'yarta motar da ta kawo ta ita za ta mayar da ita. Jaririya tana mura, saboda haka mu biyu ne kuma.

Ta shiga baya ta zauna a wurinta na da. Na shiga, na rufe ƙofa. Tun kafin in yi tunani hannuna ya riga ya kai kan madubi.

"Ka bar shi."

Na ɗauka kunnena ne. Na tsaya da hannu a sama.

"Na ce ka bar madubin nan yadda yake," in ji Inna. "Kuma ka sauke mini gilas ɗin can, ba ni da ƙarfin murɗa shi."

Na ɗaga ido, muka haɗa ido a cikin madubin. Idanunta ƙanana ne, masu ruwan ƙasa, akwai wani ɗan tabo a ƙasan na hagu. Shekara tara ban san da shi ba. Ita ta fara kawar da kai, ni ma na kawar, na fita na zagaya na sauke gilas ɗin.

Tun daga Keffi har Panda bakinta bai huta ba, ita da ba ta haɗa jimla uku a gabana. Ta ba ni labarin akuyarta mai haihuwar tagwaye, da rijiyar gidansu da ta rufta, da yadda matata ta yi ƙiwuya tana yarinya. In labari ya ƙare mata sai ta faɗi sunan ƙauyen da muke wucewa. Na gane abin da take yi, ita ma ta san na gane. Duk da haka ban daina leƙa madubin ba, kuma duk leƙawar da na yi sai in ji gabana ya ɗan faɗi kafin in ga idonta a buɗe.

Da muka isa na sauke mata kaya, na durƙusa in yi sallama. Ta juya gefe, ta ja mayafi, ta ce, "An gode. A sauka lafiya. A gaida mutanen gida." Ba ta sake ce mini "ka" ba har yau. Na shiga mota na kama hanyar Keffi ni kaɗai, ba kowa a baya, amma sai da na duba madubin sau uku kafin in kai Gitata.